Allurar rage ƙiba da gwiwar da ta taɓa jin rauni: yadda abin ya gudana a kaina

Wanda ciwon gwiwa da ƙiba suka haɗu masa yana cikin wani tarko da ba kowa ke ganewa ba. Likita zai ce a rage nauyi don gwiwa ta huta. Hanyar rage nauyin da kowa ya sani ita ce tafiya da motsa jiki, gwiwar kuma ita ce ta hana tafiyar tun farko. Na daɗe ina zagaye a nan kafin a rubuta mini allurar rage ƙiba, kuma tunda jikina ya fara sauyawa mutane ke tare ni da tambaya ɗaya: mene ne sunan allurar, a ina ake samunta? Sunan allurar shi ne mafi ƙanƙantar abin da mai ciwon gwiwa yake bukatar sani. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya gudana daga wannan ɗaki zuwa wancan, da abin da aka tambaye ni, da abin da na jira, da inda na ruɗe. Ni ba likita ba ce, mara lafiya ce da ta bi layi, don haka abin da aka yanke a kaina ba lalle ya dace da wani ba.

Asalin matsalar tsohon rauni ne. Shekarun baya na zame a matattakala, ƙafata ta dama ta kafe a wuri ɗaya jikina ya juya, na ji wani abu ya ce ɓas a cikin gwiwar. Hoton MRI ya nuna jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke, sannan guringuntsin da ke zaune kamar matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya yage. Aka yi tiyata, aka gyara jijiyar, aka yanke ɓangaren guringuntsin da ya yage. Na warke, na koma aiki, na ɗauka magana ta ƙare. Sai dai tun daga lokacin zirga-zirgata ta ragu, nauyi kuma ya riƙa hawa a hankali, shekara bayan shekara. Daga baya gwiwar ta dawo da sabon salo. Da safe takan ƙage na wasu mintoci kafin ta saki, da yamma ta kumbura, idan na lanƙwasa ta in ji tana ƙaras-ƙaras. Sauka daga bene ya fi hawa azaba. Na riƙa shan ibuprofen kusan kullum don in iya kaiwa yamma.

Na fara da likitan da ke duba kowane irin ciwo. Ya matsa gwiwar nan da can, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya rubuta mini takardar zuwa wajen likitan ƙashi. Samun ranar ganin likitan ƙashin ya ɗauki makonni, kuma da ranar ta zo abin da ya fara tambaya shi ne yadda aka ɗauki hoton, a kwance ko a tsaye. A kwance aka ɗauka. Ya ce wannan ba zai nuna masa abin da yake nema ba, saboda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu sai nauyin jiki ya hau kansu take bayyana yadda take. Dole na koma ɗakin hoto, na sake biya, na sake jira. Duk wanda za a tura hoton gwiwa saboda ana zargin amosanin gaɓɓai, ya tambaya tun daga farko ko na tsaye ake so. Abu na biyu da ya nema shi ne rahoton tsohuwar tiyatar, yana son ya san yawan guringuntsin da aka cire. Allah ya taimake ni ban yar da takardun ba.

Da sabon hoton ya zo, ya ɗora shi kusa da na gwiwar hagu ya ce, "Hajiya, dubi nan." Ko ni da ban san karatun hoto ba na ga bambancin. A hagu akwai fili tsakanin ƙasusuwan, a dama ɓangaren ciki ya matse, ga wasu ƙananan tsiro na ƙashi a gefe. Ya ce amosanin gaɓa ne da ya biyo bayan rauni, kuma a ma'aunin da suke amfani da shi, mai hawa daga 0 zuwa 4, nawa yana mataki na 3. Na tambaye shi ko tiyatar farko ce ba ta yi kyau ba. Ya ce a'a, kusan rabin mutanen da wannan jijiya ko wannan guringuntsi ya yage musu sukan sami amosanin gwiwa bayan shekara 10 zuwa 20, ko da an yi musu gyara mai kyau. Guringuntsin da ya cinye kuma ba ya sake tohowa, duk maganin da aka tallata mini da wannan alkawari in riƙe kuɗina. Maganar sauya gwiwa da ta ƙarfe da roba ya ajiye ta gefe, saboda shekaruna ba su kai ba, gwiwar da ake sawa tana da iyakar shekarun da take ɗauka, kuma tiyata a jiki mai ƙiba ta fi haɗari. Sai ya ba ni lissafin da ya zauna mini a kai: wani bincike na 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mai amosanin gwiwa ya sauke yana rage wa gwiwar nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ya rubuta man shafawa na diclofenac, ya tura ni wajen masu gashin ƙashi, ya kuma tura ni wajen likitar da ke kula da masu ƙiba da ciwon suga. Shi da kansa ba ya rubuta maganin rage ƙiba, abin da ban sani ba kenan, na zo da tunanin komai a ɗaki ɗaya za a gama.

Na fito da zuciya biyu. Ina jin daɗin an ba ciwon suna, ina kuma jin kunyar cewa sai da magani zan rage ƙiba. Akwai masu ganin allurar nan hanyar malalata ce, kuma ba sa ɓoye ra'ayinsu. Na daina jayayya da su. Wanda bai taɓa tsayawa a gindin bene yana lissafin yadda zai hau ba, ba shi zai gaya mini cewa in dage da tafiya kawai ba.

Ganawa da likitar ƙiba ita ce mafi tsawo a duk tafiyar. Nas ta auna nauyina, kilo 104, da tsawona, mita 1.68, da faɗin ƙuguna, da bugun jini. Daga nauyi da tsawo ake fitar da lambar da suke kira BMI, wato a raba kilo da tsawon mita sau kansa, nawa ya kusa 37. Likitar ta ce ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ba wanda lambarsa ta kai 30, ko ta kai 27 idan yana da wata cuta da ƙiba ke tunzurawa, irin hawan jini ko ciwon suga. Daga nan ta shiga tambayoyi, wasunsu ban zata ba. Ko a danginmu akwai wanda ya taɓa yin wani nau'in kansar ƙullutun maƙogwaro, wato tayirod? Idan akwai wannan nau'in a jini, ba a ba da maganin sam. Ko na taɓa samun kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin? Ko ina da duwatsu a matsarmama? Ko ina da juna biyu, ko ina shirin samu, ko ina shayarwa? Ta ce mai shirin ɗaukar ciki sai ta daina semaglutide, ɗaya daga cikin alluran rage ƙibar, aƙalla wata biyu kafin lokacin. Ta tambayi yadda nake cin abinci idan raina ya ɓaci, da ko na taɓa tilasta wa kaina amai. Amsar maganar dangi sai da na kira yayata a waya kafin na iya bayarwa, don haka gara mutum ya yi wannan binciken tun a gida.

Sannan ta baje mini magungunan da ake da su. Akwai orlistat, ƙwaya ce da ke hana hanji tsotse wani kaso na maiƙon abinci, amfaninta kaɗan ne kuma tana sa bayan gida mai mai. Akwai liraglutide, allura ce ta kullum. Akwai semaglutide, allura sau ɗaya a mako, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon suga a 2017 da sunan Ozempic, sannan don rage ƙiba a 2021 da sunan Wegovy. Akwai kuma tirzepatide, ita ma ta mako-mako, mai sunan Mounjaro da Zepbound. Ta ce waɗannan alluran suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, GLP-1, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, yake kuma rage saurin fitar abinci daga tumbi. A babban gwajin semaglutide da aka wallafa a 2021, wanda ya ƙunshi mutum 1,961 na tsawon mako 68, waɗanda suka sami maganin sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta kuma kashi 2.4. Tirzepatide ta kai kusan kashi 20 a awonta mafi girma. Muka tsaya a kan semaglutide, don ita na fi iya samu a kai a kai. Amma ba ta rubuta a ranar ba. Ta ce sai an ga jini.

Gwajin jinin ya haɗa da aikin ƙoda, da na hanta, da kitsen jini, da na tayirod, da wani mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku da suka wuce. An ce in zo da safe ban ci komai ba. Sakamakon ya nuna ina bakin ƙofar ciwon suga ban shiga ba, ƙoda kuma lafiya lau. A komawata ne ta yi tambayar da na fi gode mata a kai. Ta ce, "Me kike sha saboda gwiwar?" Na ce ibuprofen, wani lokaci diclofenac na sha. Ta ajiye biro. Ta ce wannan allura kan sa amai ko gudawa, musamman lokacin da ake ƙara awo, kuma idan ruwan jiki ya ragu sannan aka ɗora masa irin waɗannan magungunan kashe ciwo, ƙoda na iya samun rauni farat ɗaya. Su kuma ga su da cin tumbi, tumbin da abinci zai riƙa daɗewa a cikinsa yanzu. Ta kafa mini doka: duk ranar da nake amai, ko gudawa, ko na kasa shan ruwa sosai, kada in haɗiyi ko ƙwaya ɗaya daga cikinsu, in tsaya a kan farasitamol da man shafawa da ƙanƙara. Likitan ƙashi bai san za a ba ni allurar da ke sa amai ba, ita kuma ba ta ga takardarsa ba. Da ba ta tambaya ba, da babu wanda zai haɗa waɗannan biyun.

Matakin kuɗi ya fi kowane cin rai. Maganin yana da tsada, kuma ba biya ɗaya ba ne, kowane wata ne. Na kai takarda wajen masu inshorar lafiyata, suka dawo da ita suka ce ba sa biyan maganin rage ƙiba sai da hujja. Hujjar ta ƙunshi wasiƙar likita mai ɗauke da lambar BMI, da sakamakon jini, da rahoton likitan ƙashi cewa nauyin yana ƙara lalata gwiwar, da bayanin cewa na gwada gyaran abinci a baya bai wadatar ba. Kowace takarda a wurinta daban, kowace da nata jiran. A ƙarshe sun amince da biyan wani kaso na ɗan lokaci, za a sake dubawa. Likitar ta ba ni shawarar in yi lissafin shekara guda cur kafin in fara, ba na watan farko ba, in kuma tambaya ko farashin yana ƙaruwa idan awo ya ƙaru. A wannan tsakanin wata ta turo mini lambar mai sayarwa ta intanet da araha, ba ya neman takardar likita. Na nuna wa mai harhaɗa magani a kantin da nake saye, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2024 kan jabun semaglutide da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka, kuma an sha samun alƙaluman allura na jabu da insulin aka zuba a ciki, wanda zai iya faɗar da sukarin mutum har ya suma. Maganar ta mutu a nan.

Allurar farko a gaban nas na yi. Abin yana kama da biro mai kauri, tsinin allurar siriri ne gajere, a ƙarƙashin fata ake yi, a ciki ko cinya ko dantse, ana sauya wuri kowane mako. Ban ji zafin kirki ba. Ta ce a ajiye a firij, ba a wajen da ke daskarar da abu ba, idan ya daskare a yar. Tsinin da aka yi amfani da shi a tara a mazubi mai ƙwari mai murfi. A zaɓi rana ɗaya a mako a tsaya a kanta. Awon kuma hawa-hawa ne: miligiram 0.25 na mako huɗu, sai 0.5, sai 1, sai 1.7, kowane mako huɗu, kafin a kai 2.4. Ta jaddada cewa ƙaramin awon na farko ba don rage nauyi aka yi shi ba, don ciki ya saba ne, kada in hau sikeli kullum ina ɓata wa kaina rai.

Abin da na fara lura da shi ba a sikeli yake ba, a kaina yake. Tunanin abinci da ke bi na duk yini, me zan ci an jima, me ya rage a kicin, sai ya lafa. Ina cikin ci sai in ji na ƙoshi, rabin farantin yana nan. Tashin zuciya kaɗan washegarin allura, gyatsa, da taurin bayan gida wanda ya fi damuna fiye da tashin zuciyar, sai da na ƙara shan ruwa da ganyaye kafin ya saki. Abinci mai maiƙo sosai kuwa jikina ya ƙi shi ƙememe. Haka aka tafi lafiya har aka kai miligiram 1. A nan na ji jiki. Amai ya kama ni, ko ruwa ba ya zama, kuma kamar da gangan a makon ne gwiwar ta kumbura ta yi zafi. Ga kwalin ibuprofen a gefen gado, na san ƙwaya biyu za su ba ni barci, amma dokar likita tana kunnena. Na ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul, na shafa man, na riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, na kira asibitin. Nas ta tambayi ko akwai ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya wanda ba ya lafawa, ta ce idan akwai in bar komai in tafi sashen gaggawa, don alamar kumburin fankiriyas kenan. Babu. Aka sake gwada ƙoda, ba abin da ya same ta. Likitar ta mayar da ni 0.5 na ƙarin wata guda kafin mu sake hawa, ta ce ba tsere ake yi ba, kuma ba kowa ne dole ya kai awon ƙarshe ba.

Duk wannan lokacin ina zuwa wajen mai gashin ƙashi, kuma a ganina nan ne ainihin aikin gwiwar ya gudana. Ranar farko ta ɗauko tef ɗin awo ta zagaya cinyoyina biyu. Ta dama ta fi ta hagu sirantaka, duk da ƙibar. Ta ce shekarun da na yi ina kare ƙafar sun sa tsokar gaban cinya ta shanye, ita ce kuma tsokar da ke tare wa gwiwa nauyi idan mutum ya taka ko ya sauko daga bene. Da na gaya mata ina kan allurar rage ƙiba sai ta ce, "To Hajiya, aikinmu ya ƙaru." Bayaninta shi ne duk wanda ya rage nauyi da sauri ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, kuma jiki ba ya zaɓar ya bar ta cinyar da ke ciwo. Mai lafiyayyar gwiwa zai iya jure wannan asarar. Ni kuwa idan na sauke kilo goma amma tsokar cinyar ta ƙara shanyewa, gwiwar za ta sami sauƙin kaya ta rasa mai riƙe ta. Babu wanda ya gaya mini wannan a ɗakin likitar ƙiba da irin wannan ƙarfin, babu kuma wanda ke faɗar sa a tallace-tallacen da ake yi wa allurar.

Atisayen ba wani abin burgewa ba ne. Kwanciya a miƙe ƙafa a ɗaga ta sama a riƙe. Zama a kujera a tashi ba tare da dafa hannu ba. Hawa ƙaramin dakali a sauko a hankali. Jan roba mai tauri da ƙafa don tsokar ƙugu. Daga baya keken motsa jiki na tsaye da tafiya cikin ruwa, inda ruwan ke ɗauke yawancin nauyin. Na yi mata ƙorafin cewa yana sa ciwo, na kuma ji tsoron ina ƙara cinye guringuntsin. Ta ce motsa jikin da aka tsara ba ya cinye gwiwa, zama ne ke ƙara kashe ta. Ma'auninta mai sauƙi ne: ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi, muddin ya lafa zuwa washegari kuma gwiwar ba ta kumbura ba. Idan ya kwana ya wuni, an wuce gona da iri, a rage, amma kada a daina. Ita ce ta gyara mini riƙon sanda ma. Ina riƙe ta a hannun dama, gefen ƙafar da ke ciwo, ashe a ɗaya hannun ake riƙewa. Ta kuma tura ni wajen masaniyar abinci, wadda maganarta ta taƙaita a kan abu ɗaya: tunda cikin ba ya ɗaukar da yawa, abin da zai fara shiga ya zama mai gina jiki, furotin, a kowane ci, ko ina jin yunwa ko ba na ji. Cin abinci ba tare da sha'awa ba wani aiki ne mai zaman kansa, ban taɓa zaton zan koka da shi ba.

Akwai lokacin da kumburin ya ƙi sauka har ya hana ni atisayen, na koma wajen likitan ƙashi. Ya zuƙe ruwan da ya taru, ya yi mini allurar sitirod, maganin rage kumburi, a cikin gaɓar. Wannan karon na je da takarda ɗaya mai ɗauke da duk abin da nake sha da wanda nake yi wa kaina, har da sakamakon sukari. Ya duba ya ce sitirod kan ɗaga sukarin jini na wasu kwanaki, in sani. Ya ce sauƙinta na makonni ne, ba magani ba ce, ba a kuma jera ta kusa-kusa, yawanci sai an bar aƙalla wata uku tsakani. Amfaninta a wurina shi ne ta buɗe mini hanyar komawa atisaye. Ba da daɗewa ba kuma aka sami yankewar maganin ƙibar, na zagaya kantuna awon da nake kai babu. Da tazarar ta yi tsawo likitar ta hana ni ci gaba daga inda na tsaya, ta sauko da ni ƙasa muka sake hawa, saboda sabon da cikin ya yi ya gushe. Tun daga nan nake yin odar na gaba tun ina da saura a firij.

A dubawar wata shida na sauke kusan kilo tara. Likitar ta ce abin da suke dubawa shi ne ko mutum ya sauke aƙalla kashi 5 cikin 100, idan bai kai ba sai a sake tunani, don akwai waɗanda maganin ba ya yi musu aiki sosai. Zuwa shekara na tsaya a wajen kilo 90, sikelin ya daina motsi, ta ce haka yakan yi. Sukarin jinina ya koma daidai. Gashina ya ɗan zube na wasu watanni sannan ya tsaya. Gwiwar kuwa, ina iya tsayuwa in gama girki, ina saukowa daga bene ƙafa bayan ƙafa maimakon tara su a kowane mataki, ibuprofen ya koma na lokaci-lokaci. Likitar ta ce abin da na ji ya yi daidai da wani gwaji da aka wallafa a 2024 a kan mutum 407 masu ƙiba da amosanin gwiwa: cikin mako 68 masu semaglutide sun sauke kusan kashi 14 cikin 100, ciwonsu ya ragu da maki kusan 42 a ma'auni mai maki 100, waɗanda ba su sami maganin ba kuma ya ragu da kusan 28. Na lura da wannan 28 ɗin, domin su ma an ba su shawarar abinci da motsa jiki, kuma sauƙin da suka samu ba kaɗan ba ne. Sabon hoton ƙashina bai sauya ba ko kaɗan, tazarar tana nan a matse. Har yanzu ba na iya tsugunawa, doguwar tafiya kuma tana sa ta kumbura. Mai gashin ƙashi ta riga ta gargaɗe ni cewa idan jiki ya yi sakayau mutum kan ɗauka gwiwar ma ta warke, ya ƙara tafiya ninki biyu a mako guda, ya dawo da kumburi.

Da zan sake bin wannan hanya, ko in raka wani, zan so a fara gashin ƙashi kafin allurar farko ko tare da ita, ba bayan nauyi ya sauka ba, kuma a auna cinya da yawan tashi daga kujera kamar yadda ake hawa sikeli. Zan so mutum ya riƙe fayil ɗaya da kansa, mai ɗauke da hotuna, rahoton tsohuwar tiyata, sakamakon jini da jerin magunguna, ya buɗe shi a gaban kowane likita ko ba a nema ba, domin likitan ƙashi yana kallon gwiwa, likitar ƙiba tana kallon jini da sikeli, mai gashin ƙashi tana kallon tsoka, kuma sau da yawa ba sa ganin rubutun juna. Ya tambayi abin da zai sha na ciwo a ranakun amai tun kafin ranakun su zo. Ya san alamomin da ba a jira da su: ciwon ciki mai ratsawa baya, ciwo a saman ciki ta dama wanda kan nuna duwatsun matsarmama, don saurin ramewa kan jawo su, da raguwar fitsari.

Tambayar da ta rage tsakanina da likitar ita ce ta dainawa. Ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa waɗanda aka bibiya bayan babban gwajin nan na 2021 sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke, shekara ɗaya bayan an tsayar da allurar. Ga gwiwa irin tawa, dawowar nauyi a kan tsokar da ta ragu ya fi inda aka fara muni, don haka shawararmu yanzu ita ce in ci gaba a awon da nake jurewa, a sake duba jini da lissafin kuɗi duk wata shida, atisayen kuma ya zauna ko da allurar ta tsaya. Likitan ƙashi ya ce wataƙila wata rana sai an sauya gwiwar, amma ba yanzu ba. Ya rubuta a saman fayil ɗina cewa duk ranar da za a yi mini tiyata ko wani aikin da ke bukatar banju, wato maganin sa barci, ko da na haƙori ne, in gaya wa mai ba da banjun ina kan wannan allura tun lokacin da ake sa rana, saboda abinci kan kwana a tumbi ko an yi ƙa'idar ƙin ci, kuma shi zai faɗi ko a tsallake allurar wannan makon.